Irin Geron da Na Hana Idi

Wutar ɗakin Inna Yalwa ba ta mutuwa. Haka na tashi na tarar, haka kuma kowa ya sani a ƙauyenmu da ke gefen Zandam, a ƙasar Gwaram. Inna Yalwa kakarmu ce, ita ta haifi Babanmu. Tun kafin a haife ni ta daina girkin gida, amma murhunta bai taɓa hucewa ba. A wancan zamani ashana sai gidan mai unguwa ko teburin wani ɗan tireda ranar kasuwa, saboda haka da sassafe za ka ga mata suna leƙowa da tsingaro a hannu, wato ɓallin fasasshiyar tukunya, a zuba musu garwashi su je su hura. Ita kuwa tana da dabararta. In za ta kwanta sai ta tura gungumen kirya cikin murhu, ta ɗora busasshen kashin shanu, ta lulluɓe da toka. Da asuba ta tona da tsinke, sai ka ga ja yana leƙowa.

Ban taɓa jin ta tambayi wata mace abin da ya kashe mata wuta ba. Na lura da haka tun ina yaro, na kuma ɗauka rashin kula ne irin na tsofaffi.

Lokacin da muka fi jin daɗinta shi ne bayan kaka, in an gama ɗaure gero an shigar rumbu, sanyi ya fara saukowa. Shekarun nan ne da manya ke ta zancen Bature zai tafi ya bar mana ƙasarmu. Mu dai ba mu taɓa ganin Baturen ba balle mu ga tafiyarsa. Abin da ya dame mu shi ne a gama tuwon dare mu ruga ɗakin Inna, kowa ya kama wuri kusa da murhu. Mukan kai mu bakwai ko takwas da 'ya'yan baffanninmu, amma ni da ƙanena Idi mu ne 'yan gaban goshi. Mu take kira mazajenta, irin wasan kaka da jika, kullum tana ƙorafin ta auri malalata, ba cefane ba zanen salla.

Shekara biyu na ba Idi, amma halinmu ya yi hannun riga. In Inna ta binne mana gyaɗa a toka, Idi ba ya iya jira. Zai sa hannu ya zaro tun ba ta gasu ba, ya ƙone yatsa, ya jefa ta baki ɗanya, yana yarfe hannu yana dariya. Ni kuwa sai in naɗe ƙafa in jira tawa ta yi daidai, sannan in dube shi in ce, "Na gaya maka." Wannan kalma ta zauna mini a baki tun ban san wanke hannu ba. Saboda wannan kalmar Inna ta raɗa mini suna Alƙali, sunan kuma ya bi ni, har yau akwai tsofaffin da ba su san sunana Haruna ba.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta gyara zama, ta tura itace, ta ce, "Ga wata baƙuwa can a bakin ƙofa, ƙafarta duk ƙaya." Mu kuma mu haɗa baki mu ce, "Ta shigo ta ji ɗumi." Ta ba mu tatsuniyoyi ba adadi, yawancinsu sun zube mini a hanya. Ɗaya ce ta ƙi fita daga kaina, ta Talatu mai tsingaro.

Wai a wani gari a bayan duwatsu an yi wata mace Talatu, mai 'ya'ya uku da son hira. Wata rana da yamma ta tsaya surutu a bakin rijiya har gari ya rufa, ta dawo a gajiye ta kwanta ba ta rufe wutarta da toka ba. Da safe ta tona murhu, sanyi ƙalau. Yara suka tashi suna kukan yunwa. Ta ɗauki tsingaro ta fita neman wuta, tana tafe tana waƙa. A nan Inna kan sirantar da murya:

"Tsingaro, tsingaro, ina za mu?
Toka ta huce, 'ya'ya na kuka.
Ni na kashe, ban ce wani ba,
Wa zai ba ni ja in kai gida?"

Mu kuma mu amsa, "In kai gida, in kai gida," Idi yana buga gwiwa.

Gidan farko na wata mace ce mai tsari, wadda ko gishiri ba ta taɓa zubarwa ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ruwa ne ya kashe miki, ko ke kika kashe?" Talatu ba ta iya ƙarya ba, ta ce hira ce ta ɗauke mata hankali. Matar ta ce, "To wanda ya kashe shi ke hurawa. In na ba ki yau, gobe ma haka za ki yi." Ta saki asabarinta.

Gida na biyu na wata mai taushin zuciya ce. Tana jin labari ta fashe da kuka, ta ce, "Ayya, ba laifinki ba ne, haka Allah ya yi ki, ba ki da kai. Ajiye tsingaron nan kada ki ƙone. Kullum ki kawo yaran su ci a nan." Suka ci suka ƙoshi kwana uku. Amma ɗakin Talatu yana nan a sanyaye, har kwaɗi suka tare a murhunta. Rana ta huɗu mai taushin zuciya ta tafi biki wani gari, yara suka koma kuka.

Sai Talatu ta nufi ƙarshen gari, wurin wata tsohuwa mai ginin tukwane, wadda kowa ke tsoron bakinta. Tsohuwar ba ta tambaye ta komai ba. Ta ɗebo garwashi ta zuba mata, ta ce, "Yi sauri, ki kare shi da mayafinki kada iska ta cinye. Hurawa taki ce, ba zan bi ki gida in hura miki ba. In tuwo ya nuna ki kawo mini malmala ɗaya, ina da magana da ke." Talatu ta je ta hura, ta tuƙa, yara suka ci, ta kawo wa tsohuwa nata. Tsohuwa ta cinye tas, ta suɗe yatsu, ta wanke hannu. Sannan ta buɗe baki ta wanke Talatu da faɗa tun daga kakanninta. Wannan wurin muka fi so, domin Inna takan tashi tsaye ta kama ƙugu ta yi faɗan da kanta, tana nuna mu ɗaya bayan ɗaya da muciya, muna birgima don dariya. Da faɗa ya ƙare, tsohuwa ta zaunar da Talatu ta koya mata yadda ake kwantar da garwashi a cikin tukunya a rufe, ya kwana ya wuni bai mutu ba.

Ba a jima ba aka yi ruwa kwana bakwai ba ƙaƙƙautawa. Ɗakuna suka yi yoyo, wutar gari duk ta mutu, har ta mace mai tsari. Ta Talatu kaɗai ta rage, a cikin tukunya. Da gari ya waye sai ga mai tsari a ƙofar Talatu, da tsingaro a hannu, kanta a sunkuye.

A nan Inna kan tsaya ta dube mu. Ranar da ta fara ba mu ita, ta ce, "To mazajena, a ba ta ko a hana ta?"

Idi bai bari ta rufe baki ba. "A ba ta mana, a haɗa mata da gyaɗa."

"Kai fa, Alƙali?"

Na gyara murya irin ta manya, sannan na ce, "A ba ta. Ita ai ruwa ne ya kashe mata, ba ta da laifi. Talatu ce tun farko bai kamata a ba ta ba, tun da ita ta ja wa kanta."

Inna ta juyo gare ni. Ta ce, "Su yaran Talatu, da su aka yi hirar bakin rijiya?" Ni dai ban sauka daga kan bakana ba. Ta girgiza kai ta ce, "Mijina, faɗa ba ya ruɓewa. Ka ajiye shi shekara, ka same shi yadda ka bar shi. Yunwa ce ba ta jira." Ta jawo toka ta fara rufe wuta, ta rufe tatsuniyar da abin da ta saba faɗa: "Na tura ta cikin toka, mai tashi da wuri gobe ya tona."

Na tafi na kwanta ina ganin ni na ci gardamar.

Shekaru suka tafi. Muka girma, muka yi aure, Allah ya yi wa Babanmu rasuwa, aka raba gandu, kowa ya kama gonarsa da rumbunsa. Inna Yalwa ta tsufa tukuf, idonta ya rufe, tana zaune a gidana, matata Hajara tana kula da ita. Sai aka shiga shekarun farin nan da duk wanda ya gani ba ya son tunawa. Damina ɗaya ta zo ta wuce ba a sami abin kirki ba. Kafin ta biyu ta kama, rumbuna da yawa an share su har ƙasa, mata suna cika tukunya da ganyen tafasa da rama.

Duk tsananin yunwa, manomi ba ya taɓa irinsa. Tun a gona ake zaɓar zangarniyar geron da ta fi tsawo da cika, a ɗaure daban, a rataye inda hayaƙi ke bugunta saboda ƙwari. Yaro yana kuka uwa tana kallon damin nan, ba ta isa ta sauke ba. Hatsin da ake kawowa kasuwa daga nesa kuwa, ban da tsada, ba wanda ya yarda ya zuba shi a ƙasarmu, don ba a san ko zai nuna kafin ruwa ya ɗauke ba.

Akwai abin da muke kira binne. Shi ne a shuka gero a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, ya kwanta yana jira. In Allah ya sa ruwan farko ya zo da ƙarfi, mai binne ya riga kowa, geronsa ya nuna da wuri, gidansa su fara cin tumu mutane suna kallo. In kuwa yayyafi aka yi aka ɗauke, irin ya tsiro rana ta ƙone shi, an yi biyu babu. Shi ya sa masu hankali ke raba iri biyu, a binne rabi a riƙe rabi.

Idi ya same ni a gindin tsamiyar ƙofar gida ya ce zai yi binne. Na ce ya raba biyu. Ya ce, "Yaya, rabi ba zai kai mu ko'ina ba. Asabe ta yi nauyi, abin da ke rumbuna ba zai wuce wata ɗaya ba. In na sami tumu da wuri mun tsira." Asabe matarsa ce, cikinta na fari. Na san duk wannan, na kuma san ba ganganci ne ya kai shi ba, tsoro ne. Duk da haka na maimaita masa sau uku. Ya yi dariyar nan tasa ta mai zaro gyaɗa daga wuta, ya tafi ya binne irinsa gaba ɗaya.

Bayan kwana shida aka yi yayyafi, wanda bai wuce ya kwantar da ƙasa ba. Gonar Idi ta yi kore shar, mutane suna tsayawa kallo. Daga nan sama ta bushe mako uku. Ina wucewa kullum ina ganin tsiron yana lanƙwashewa, ya yi ja, ya zama kamar gashin masara, har iska ta share shi. In na ce ban ji tausayinsa ba na yi ƙarya. Amma a ƙarƙashin tausayin akwai wani abu mai kama da daɗi, na cewa maganata ta fito. Wannan shi ne abin da na fi jin kunyar faɗa a duk labarin nan.

Sai ruwan shuka na gaskiya ya sauka, wanda in ka tona za ka ga laima ta wuce tsawon hannu. A shekara irin wannan kowa ya san damar shuka kwana biyu ce ko uku, in ƙasa ta sha iska shi ke nan. Da sassafe Malam Buba, wani Bafillace maƙwabcinmu, ya yi sallama. Ɓeraye sun huda masa rufi sun cinye irin da ya rataye. Ban bari ya gama bayani ba na auno masa ƙwarya biyu, har ina ba shi haƙuri. Abin da ɓera ya yi ai ba laifin mutum ba ne.

Na saɓa sungumi zan fita ke nan sai ga Idi. Ya durƙusa ya gaishe ni, abin da ba ya yi sai da salla. Yana riƙe da 'yar ƙwarya, yana juya ta a hannu.

"Yaya, ko da ɗan abin da ya ragu."

Akwai. Bayan na ware na gonata, ina da ƙwarya uku da na ajiye don cike inda bai fito ba. Suna nan a ɗakin Hajara cikin tukunya, taku goma daga inda muke tsaye.

Na ce, "Da ka zo shawara me na ce maka?"

"Ka ce in raba biyu."

"Sau nawa?"

Ya ci gaba da juya ƙwaryar.

"Ka raba?"

"Ban raba ba."

"To wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Kai kullum sai ka zaro abu tun bai gasu ba, wani ya zo ya hura maka yatsa. Yau dai ka ji yadda ake ji."

Ya ɗago ya dube ni, ba fushi a fuskarsa. Ya ce, "Gaskiya ne, Yaya." Ya tashi, ya kifa ƙwaryar a kansa kamar hula, ya fita.

Wallahi ban yi niyyar hana shi har abada ba. Niyyata ya kwana da maganar, ta shige shi, gobe ya dawo in auna masa in ƙara da nasiha. Washegari bai zo ba. Na ce fushi ne, zai huce. Ina can ina fama da tawa shukar daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, na kuma sa wa raina ya samu wurin surukansa a Wurno. Ashe bai je ko'ina ba. Bai tambayi kowa ba, ko baffanninmu. Daga baya Asabe ta gaya wa Hajara cewa da ya koma gida zama ya yi a bakin rumbu, ta ce ya je wurin wane da wane, ya ce, "Da wane baki? Wanda muka fito ciki ɗaya ya gaya mini gaskiya. Ni na ja, ni zan ɗauka."

Abin da ke ƙara ci mini rai, ba shi kaɗai ya yi wannan kuskure ba. Akwai wani Ɗan'azumi a unguwarmu da ya binne nasa duka, ya ƙone kamar na Idi. Shi kam bi gida gida ya yi yana cewa Allah ya karɓi nasa, a taimaka. Wani ya zage shi ya ba shi tafi ɗaya, wani ya yi masa dariya ya ba shi biyu. Kafin azahar ya haɗa abin da ya shuka rabin gonarsa, kuma ya ci tuwo a shekarar.

Inna ce ta tono maganar, da kunnenta. Bayan kwana goma sha biyu ta ce da Hajara, "Kowa na ji yana wasa fartanya da safe, ban ji ƙaramin mijina ba." Hajara ta gaya mata abin da ya faru. Ta sa aka kira ni. Na tarar da ita a bakin murhunta, tana laluben toka da tsinke.

"Malam Haruna," in ji ta. Tunda nake ba ta taɓa kirana da wannan suna ba. "An ce ka ba Buba iri."

"Na ba shi, Inna. Ɓera ne ya yi masa ɓarna."

"Shi kuma Idi hannunsa ne ya yi masa."

"Na hana shi sau uku."

"Na ji. Abin da ke cikin Asabe, da shi aka yi binnen?"

Ta ci gaba da tona tokarta. Ta ce, "Ba wanda ya hana ka faɗa. Ka ba shi ya shuka, in an yi kaka ka zauna a kan daminsa ka yi masa faɗan har ka gaji. Tashi ka ba ni wuri."

A ranar na juye ƙwarya ukun nan a buhu na kai masa. Ya karɓe ni da fara'a, ya shimfiɗa mini tabarma. Ya sa hannu cikin irin, ya bar shi yana zuba ta tsakanin yatsunsa, sannan ya ɗaure bakin buhun ya turo mini. "Ƙasa ta bushe, Yaya. Mayar da shi, kada shi ma in ɓata." Na yi, na yi, ya ƙi. Da aka sake ruwa ya jefa 'yar dawar da ya samu, amma damina ta ɗauke tun ba ta fitar da kai ba. Waɗanda suka kama ruwan farko sun sami ɗan abin da suka samu. Idi kara ya girba.

Shukata kuwa ta fito ba gurbi ko ɗaya, ban buƙaci ƙwarya ukun ba. Suna nan a tukunya har tsakiyar damina, ranar da abinci ya yanke mana, Hajara ta daka ta yi fura. Muka zauna muka sha, ni da ita da baƙi biyu da suka zo. Ina cikin sha na tuna ko wane gero ne. Gonar ƙanena guda muka shanye a zama ɗaya, ko ƙoshi ba mu yi ba.

Na aika masa da dami bayan kaka, ya karɓa saboda Asabe da jaririn da ta haifa, Yusufa. Amma zama ya ƙi masa. Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa ƙasa, ana ta gine-gine da shimfiɗa kwalta, manyan motoci suna tsayawa a Birnin Kudu suna kwasar lebura. Idi ya bi su. Ya bar mini gonarsa ya ce in riƙa nomawa, ni na san hannunta. Inna ta rasu a shekara ta gaba. Ta yafe mini da bakinta, amma har ta koma ga Allah ba ta sake ce mini mijina ba.

Shekara takwas Idi yana Kano da iyalinsa yana dakon siminti. Yakan aiko da gaisuwa da sabulu, ya zo ta'aziyyar Inna ya kwana ɗaya ya juya. Kullum in na ce ya dawo gida sai ya ce sai ya tara abin da zai shigo da shi ba kunya. Wata ranar farkon damina wani direba ɗan garinmu ya zo ya ce in yi maza, ya sauke Idi a asibitin Birnin Kudu.

Da ƙyar na gane shi. Tari ya cinye shi, wuyansa kamar na zabo. Asabe tana gefe tana ta share hawaye, ta ce ya fi shekara yana fama, ya hana ta gaya wa kowa, ya ƙi zuwa asibiti sai da ya faɗi. Ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu, amma sun gaya mini a waje cewa an makara.

Na zauna a bakin gadon na ce, "Idi, me ya hana ka aiko mini?"

Ya yi murmushi. "Yaya, da ƙafata na fita. An ce in bar simintin nan yana cin ƙirji, ban bari ba. Wanda bai ji bari ba..." Tari ya sarƙe shi, bai ƙarasa ba. Ba sai ya ƙarasa ba, na san mai maganar.

Na kama hannunsa na ce ya yafe mini irin nan da na hana shi. Ya dube ni da mamaki na gaske. "Na me, Yaya? Ai ba ƙarya ka yi ba." Da ya zage ni da na sami sauƙi. Ya ɗan huta, sannan ya ce, "An yi ruwan shuka a gida?" Na ce an yi shekaranjiya. "Ka shuka tawa?" Na ce na shuka. Ya ce madalla, ya lumshe ido. Bayan kwana biyu muka kai shi makwancinsa.

Na daɗe ina juya wannan abu. Ban yi ƙarya ba, hakika shi ya binne irinsa. Amma ni na ɗauka wanda ya jawo matsala shi kaɗai ya kamata ya fitar da kansa, sai na tsaya shari'a a ranar da ƙasa ke shan iska. Abin da ban sani ba shi ne hukuncin ba a ƙofar gidana zai tsaya ba. Idi ya ɗauke shi ya tafi da shi, ya riƙa yanke wa kansa duk inda ya shiga, har ya ga bai cancanci a ba shi iri ba, bai cancanci a kai shi asibiti ba. Yaron da ya ce a ba mai tsari wuta a haɗa mata da gyaɗa, shi ne ya kasa roƙa wa kansa tafi ɗaya na gero. Ni na koya masa.

Ni na riƙe Yusufa har na yi masa aure, gonar ubansa tana hannunsa. Duk shekara ina rataye dami ɗaya na iri fiye da buƙatata. Mutane sun sani, suna zuwa. Kada a ɗauka na canza hali gaba ɗaya: har gobe in mutum ya tsaya da ƙwarya, tambayar nan tana tasowa ta zo mini har bakin haƙori, me ya ci naka? Sai in haɗiye ta in auna masa. In ya cancanci faɗa, ina ajiye masa har kaka.

Namiji da tatsuniya abin dariya ne a wurinmu, amma 'ya'yan Yusufa sun gano ina da guda ɗaya, suna kuma matsa mini. Yanzu kowa da ashana a aljihu, sai na fara yi musu bayanin tsingaro tukuna. Kwanan baya ina ba su, na kai inda mace mai tsari ta saki asabarinta, sai ƙaramarsu, Yalwa, wadda aka sa wa sunan Inna, ta katse ni.

"Kaka, ita wannan matar muguwa ce ko?"

Na ce, "A'a, ba muguwa ba ce. Gaskiya ma gare ta."

"To me ya sa ta hana?"

Abin da na gaya mata babu shi a tatsuniyar Inna, ni na ƙara. Na ce, "Ta yi niyyar ba ta washegari ne. Talatun ce ba ta dawo ba."